Motar da Ke Kai Inna Asibiti

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da Anti da yara da mutanen gareji. Ya jikin Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai dai aiki da ya yi mana yawa, mu uku ne kacal ma'aikatan jinya a asibitin nan. Waya kuwa ka san halinta a wajenmu, sai na hau tudun bayan ɗakin haihuwa take kamawa, in ta kama kuma Inna na gefenka ta kasa kunne. Shi ya sa na ba direban motar magunguna wannan takarda, tunda duk mako yana bi ta wajenku.

A wayarmu ta ƙarshe ka ce mini mota tana gareji. Ban kawo komai a raina ba. Kai fanel bita ne, gareji shi ne ofishinka, motar da ke hannunka ina za ta wuni in ba can ba? Sai shekaranjiya ƙawata da ke aiki a sashen wankin ƙoda ta aiko mini saƙo cewa kwanan nan a tasi ake kawo Inna, kuma ranar Litinin kun makara har an ɗora wani a kan injinta, ta zauna a benci tun safe har la'asar.

Yaya, ba don kwalliya na bar maka motar nan ba. Na zo nan ne saboda albashin nan shi ke biyan wankin ƙodar Inna, motar kuma ita ke kai ta Litinin da Alhamis. In ɗaya ya tsaya, ɗayan bai da amfani. Da na rasa wanda zan bar wa uwata, kai ka ce in kawo ta gidanka, ka ce ko da kakanninmu ne kawai suka haɗa ciki, Inna uwarka ce. Na yarda da kai, har yanzu ma ban fasa ba.

Saboda haka ka faɗa mini gaskiya, me ya sami motar? In wani abu ne babba, kar ka ɗora wa kanka. Babbar inshora ce a kanta, shekara biyar ina biya ban taɓa neman ko allura a wajensu ba. Takardun suna cikin akwatin gaban mota. Ka kai musu rahoto kawai, aikinsu ne.

Direban zai kwana ya juyo. Don Allah ka ba shi amsa.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata, Sista,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kike lafiya. Mu ma lafiya lau. Antinki na gaishe ki, Inna kuma ta ce a tambaye ki ko kina cin abinci ko har yanzu shayi ne abincinki.

To, tunda kina da 'yan rahoto a asibiti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An bugi motar. Kar hankalinki ya tashi, Inna ba ta ciki. Na sauke ta ne na fita shan mai, ina cikin shataletalen kusa da asibiti sai wata motar burodi ta shigo ba birki ta ɗauke mini gaba ta hagu. Bamba ta tafi, fitila ta fashe, madugadi ya lotse, bonet ya ɗaga hanci. Burodi ya watse a kwalta har yara suna tsinta.

Direban ya fito, dattijo ne mai furfura, ya haife ni. A gaban jama'a ya durƙusa ya riƙe ƙafata, ya ce motar ba tasa ba ce, in maigidansa ya ji an kai magana ofis, aikinsa ya ƙare. Mutane suka taru kowa na cewa a yi haƙuri. Ni kuma na zagaya motar na dube ta da idon sana'a, na ga aikin kwana uku ne a hannuna. Me zan ci a jikin tsoho? Na ce ya tashi ya tafi, na yafe.

Ban faɗa miki ba don ina jin kunya a ce amana ta lalace a hannuna, kuma ga ki a nesa ba abin da za ki iya sai rashin barci. Na ture aikin mutane gefe na hau kanta. Na sa sabuwar bamba da fitila da madugadi, na buga bonet ya kwanta, fentin kuwa sai da na haɗa shi sau uku kafin ya yi daidai da tsohon. Sista, ko ke da kika saye ta ba za ki iya nuna wurin ba.

Abin da ban gani ba shi ne lagireto ya tsage ta baya, tsagar da ba ta fi gashi ba. Ranar da na ɗauko Inna daga wanki, muna tsakiyar hanya allurar zafi ta fara hawa. Inna tana baya jiri na ɗibarta, ga rana, ba inuwa ko ta sandar lantarki. Na ce bari in lallaɓa mu kai gida. Muna shiga layinmu inji ya buga. Bakaniken da ke gefen garejina ya buɗe ya ce sai dai wani injin.

Maganar inshora kuma, Sista, ki bar ni in yi dariya. Tun kafin a yaye ki nake gyaran mota, ban taɓa ganin wanda suka ba ko sisi ba. Takarda ce ta nuna wa ɗan sanda a hanya ya bar ka ka wuce. Ki ba ni lokaci, ina neman inji na hannu, kafin nan tasi ba ta kashe kowa ba.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida Anti da yara, a yi wa Inna sannu. Lafiyata ƙalau in ban da ciwon kan da takardarka ta sa mini.

Sau biyu na karanta ta, na biyu a tsaye. Ka yafe. Motar wa ka yafe? Tsoho ya riƙe ƙafarka zuciyarka ta karye, kowa ya watse yana cewa Allah ya yi wa mai gareji albarka, ladan naka, asarar tawa da ta Inna. Ko lambar motarsa ba ka ɗauka ba. Wayar da kake ɗaukar hoton duk ƙofar da ka gyara kana nuna wa mutane, ranar ta mutu ne?

Tunda ka yi dariya, zauna in karanta maka, ko da yake ihu ne bayan hari. Inshora ba iri ɗaya ba ce. Akwai ƙarama, ita ce ka sani, ta nuna wa ɗan sanda. Ita wanda ka buge take biya, taka motar kuwa kai da Allahnka. Abokan cinikinka duk ita suke yanka don ta fi araha, shi ya sa ba ka taɓa ganin an gyara wa kowa tasa ba. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara da gobara da sata. Sannan akwai babba, wadda take gyara taka motar ko da kai ne da laifi. Ita nake biya. Har ƙari na yi a kai don ta rufe duk mai lasisin da na ba mukulli, saboda kai. Shekarar da na rasa kuɗin sabunta ta, ɗinkin Sallah na fasa na biya.

Abin da suke nema a wajenka bai fi ƙarfin yaro ba: ka sanar da su da wuri, ka ɗauki bayanin wanda ya buge ka, kuma kar ka taɓa motar sai mutuminsu ya gani da idonsa. A bakin ƙofarka na faɗa maka wannan ranar da zan taho, jakata a hannu. Kana goge madubi da gefen rigarka kana cewa, "To Sista, to Sista." Ashe da bango nake magana.

Da ka bar ta a lotse yadda take, da su za su ja ta, su kwance gabanta, su ga lagireton da kai ba ka gani ba. Garin neman gira ka rasa mana ido. Kuma wane direba ne zai ga allura ta kai ja ya ci gaba da taka mai? Na ji, Inna na jiri. Da ka tsaya ka tare mata tasi ɗaya a ranar, da ba ta koma 'yar tasi ba yau.

Injin hannu da kake nema, da me za ka saya? Na san abin da garejin ke kawowa, kuma na san ka ture aikin mutane. Ni kuma duk abin da na samu asibitin Inna ke cinyewa. Saboda haka gobe ka sa riga mai tsabta, ka ɗauki takardun, ka je ofishinsu. Ka faɗa musu abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ban da labarin yadda ka haɗa fenti, ba gasa suka sa ba.

Kar ka sake ce mini tasi ba ta kashe kowa ba. Kafin in zo nan na sha cire wa masu wankin ƙoda allura, na san yadda suke tashi daga kan gadon nan.

Ƙanwarka.

*

Sista,

Mun amsa gaisuwa. Yara lafiya. Ki yi haƙuri direbanku ya juya makon jiya ba amsa, ban so in rubuta miki rabin labari ba.

Na sa riga mai tsabta, kamar yadda Malama ta umarta. Na je na karɓi lamba na zauna a kujerar roba, sanyin na'ura na shiga ƙashina. Yarinyar da ke teburin ta saurare ni, ta tambayi ranar da abin ya faru, da na faɗa sai ta ɗaga kai ta dube ni kamar na ce na binne mutum. Duk da haka ta ce za su turo mai duba ɓarna.

Ya zo, wani siriri mai tabarau, da ɗan tocila a aljihu. Ya zagaya motar ya dawo ya ce, "Malam, ina wurin da aka buga?" Na nuna masa. Ya durƙusa ya haska, ya shafa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Kai ka yi wannan aikin?" Na ce ni ne. Wallahi har ƙirjina ya buɗe don daɗi, sai da na ga yana girgiza kai. Ya ce, "Ka iya aiki, amma ka cuci kanka. Ni abin da na gani nake rubutawa, kuma mota nake gani lafiyayya mai mataccen inji. Inshora ba ta biyan injin da ya mutu don kansa, sai wanda hatsari ya kashe. Wa zai shaida mini an yi hatsari?" Na ce ni. Ya ce ni ba na cikin lissafi. Jiya takardarsu ta zo, sun ce ba za su biya ba.

Ga babbar inshorarki nan. Shekara biyar kina yanka wa saniya ciyawa, ranar da kika zo tatsa ta kai miki harbi. Af, mai tabarau ya ce akwai ma wani ƙari da ake saya, wanda suke ba mutum motar aro kafin a gama gyara tasa. Ya duba ya ce ba ki saka shi ba. Na ce ikon Allah, ashe Malama ma akwai shafin da ta tsallake.

Yanzu ki ji wanda ba ya cikin takarda. Tasi ba ta shiga layinmu saboda ramuka, sai Inna ta taka har bakin titi, tana tsayawa a jikin kowace katanga. Zuwa da sauƙi. Dawowa ce, jikinta ya saki kamar tsumma, ni a gefe ɗaya Antinki a gefe ɗaya. Ranar Litinin ta yi amai a cikin motar wani, ya tsaya ya sauke mu a gefen hanya yana zage-zage, tana ba shi haƙuri tana goge kujera da mayafinta. Ranar Alhamis ta ƙi fita. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya fuska bango. Ƙafafunta sun kumbura, takalminta ba ya shiga.

Kin cika takarda da karatu, amma ko layi ɗaya ba ki tambaya ko ni na ji ciwo ba. Kafaɗata ta hagu tun ranar ba ta ɗaguwa sama da kunne, da ita na yi miki gyaran, da ita nake tallafe Inna. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya bugi mota yana can yana sayar da burodinsa, masu inshora suna shan sanyi, ni da nake rufe gareji kwana biyu a mako ni ne abin zagi. Na yi kuskure, ban musa ba. Amma zumunta a ƙafa take, Sista, taki kuwa a ambulan take zuwa.

Yayanki, in har yanzu ana lissafa ni.

*

Yaya,

Gaisuwata ga kowa. Allah ya ba kafaɗarka lafiya, ka sa a ɗauki hotonta, kar ka ce za ka buga ta ta miƙe.

Ka bari ta tsallake wanki. Ka san abin da wannan ke nufi? Ruwa ne ke taruwa. Yau ƙafa, gobe ƙirji, jibi ta kasa numfashi a kwance. Ka rubuta mini shi a sakin layi na biyar, bayan labarin yadda ƙirjinka ya buɗe don an yaba fentinka.

Ka ce zumuntata a ambulan take. Ambulan ɗin nan ita ke biyan injin da ke wanke jininta. In na taho da ƙafata kamar yadda kake so, kwantiragina ya mutu, sai mu zauna mu uku a ɗaki muna kallon juna muna zumunci.

Na gaji da roƙo. Kuɗina suka ci shekara biyar, haƙƙina ne, kuma hannunka ne ya goge shaidar. To hannun nan ya mayar da ita. Sun ce ɓarna suke son gani, nuna musu. Ka tura motar bakin titi gaban gareji, ka ɗauki gudumarka ka yi mata abin da babbar mota za ta yi in ta ja da baya ta murƙushe ta. Ba wanda ya fi ka sanin kamannin lotsa. Ka ce an buge ta a ajiye an gudu, kuma a ranar ka kai rahoto. In ɓarna ta fi ƙarfin gyara, kuɗin mota suke bayarwa, mu sayi ƙarama mai tafiya.

Ka iya tausayin tsohon da ba ka sani ba. Ga tsohuwa nan a ɗakinka wadda kake kira uwa. In da gaske kake, na gani a aikace.

Ƙanwarka.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta riski waccan kafin ka yi komai. Don girman Allah kar ka taɓa motar.

Da zafin zuciya na rubuta, na miƙa wa direba yana kan tada mota. Kafin in gama zagayen marasa lafiya na yi nadama. Abin da na sa ka zamba ce, kuma kai za a kama ba ni ba. Na hau tudu na yi ta kiranka, kullum sai na hau, tana shiga ba ka ɗauka. Na nemi Anti, tata a kashe.

Akawun asibitinmu ya taɓa aiki da masu inshora. Na ba shi labarin hatsarin, ya ce ƙofa ba ta rufe ba, ana ɗaukaka ƙara. Ya ce in tsofaffin kayan da ka cire suna nan, bamba da fitila da madugadi da lagireton da ya tsage, shaida ce. In kuma mai burodi ya yarda ya ce shi ya buge ka, ko a rubuce ne, suna iya sake duba maganar. Bai ce za su biya duka ba, amma ya ga an biya irinta. Ya taya ni rubuta musu, ga kwafi nan na haɗo maka.

Maganar da na yi a kan Inna ba ka cancance ta ba. Ka yafe mini. Ka nemo kayan, ka nemo tsohon.

Ƙanwarka.

*

Sista,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya, Antinki lafiya. Kafaɗa tana nan.

Takardarki ta biyu ta iso yau. Ta farko ta riga ta da mako guda, kuma ni mutum ne mai jin magana in an faɗa mini da ƙarfi.

Na ga kiranki. Ban ɗauka ba don na san in na ji muryarki zan faɗi abin da zai raba mu har lahira. Kwana biyu takardar tana aljihuna. A na uku na shiga gaida Inna da safe na same ta a zaune an jera mata matasai, ta ce in ta kwanta kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Muka kai ta a tasi aka yi wankin, muka dawo da ita a hannu. Washegari gareji ba kowa, na tura motar bakin titi na ɗauko babbar guduma.

Ban taɓa dukan ƙarfe don ya lalace ba. Hannuna ya ƙi, sai da na rufe ido a bugun farko. Na fara da madugadin da na sa, na bi bonet, na bi ƙofa, na fasa gilashi. Fentin da na haɗa yana tashi yana faɗo mini a ƙafa. Da na gama na je na kai rahoto, yarinyar teburin har ta ce mini sannu da saurin zuwa.

Mai tabarau suka sake turowa. Bai ko ciro tocila ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Babbar mota in ta bugi ƙarama tana barin fentinta a jiki, kuma bugu ɗaya take yi. Wannan bakin guduma ne, ga shi nan a jere." Ya ce, "Malam, na ba mutane da yawa labarin aikinka. Me ya kai ka?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da furfurata a gaban yaron da na girma. Ya ce ba zai kai ni wajen 'yan sanda ba, amma ba zai rubuta ƙarya ba. Sun soke inshorar gaba ɗaya. Ya ce wanda aka kama da shirya ɓarna, tsohuwar maganarsa ma ba a sake buɗe ta.

Kin tambayi tsofaffin kayan. Suna nan a bayan gareji, ni ba na zubar da ƙarfe. Mai burodi kuma ba sai an neme shi ba, kullum da safe ta gabana yake wucewa, yana danna mini ham yana ɗaga hannu. Da wani ya ce mini wannan ake so, da kafin azahar na haɗa su. Kwafin da kika aiko yana da kyau, akawunku ya iya rubutu.

Masu sayen ƙarafa sun zo sun taya motar. Da tana da jikinta, ko ba inji, da ta kawo abin da za a fara maganar wata. Yanzu a kilo suke son aunawa.

Kin ce in yafe miki. Gudumar tawa ce, hannun nawa ne, ba ki riƙe mini shi ba. Amma ba zan ce miki raina fari ne ba, don ƙarya ɗaya ta ishe ni a wata guda. Kin san inda za ki taɓa ni, kika taɓa.

Saura maganar da ta sa na ɗauki biro. Yara sun kai wa Inna labarin motar, ta kira ni ta tambaye ni, ban iya ɓoye mata ba. Ban ce ke kika ce ba. Sai ta ce, "Ashe har na kai inda za a yi ƙarya a ci haram don a kai ni asibiti." Ta ce ita ta gama, ba tasi ba mota, a bar ta a ɗakinta. Ba faɗa take yi ba, da murmushi ma take faɗa, shi ne ya fi ba ni tsoro. Na kawo mata liman, na kawo ƙawarki ta asibiti, ta ba su ruwa ta sallame su. Ta riga ta tsallake Litinin.

Na san abin da tahowarki za ta jawo, kin lissafa mini shi tsaf. Ni dai na yi iya maganata, ba ta ji. Direbanku zai juya gobe da safe, na tambaye shi ya ce kujerar gefensa ba kowa in zai dawo. Ke kika san kwana nawa mutum yake yi ba wanki, ni ban sani ba. Ki lissafa.

Yayanki.